Lailak na Descanso: furen da aka rage wa buƙatar sanyi

Lailak itace ne mai sharaɗi. Asalinsa duwatsun yankin Balkan ne, a kudu maso gabashin Turai, kuma ta Istanbul ya bi ya shiga lambunan Turawa a ƙarni na 16. Dangin zaitun ne da yasmin, kuma ƙamshi ne ya ɗaukaka shi. Sharaɗinsa shi ne sai ya sha sanyi. Idanun furensa suna ƙulluwa a jikin reshe tun lokacin zafin shekarar da ta gabata, su kwanta barci, kuma ba sa farkawa yadda ya kamata sai sun tara ɗaruruwan sa'o'i cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba. Idan hunturu ya zo da sauƙi, itacen zai yi ganye shar, fure kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wannan ne ya dami mutanen da suka baro jihohin Amurka masu ƙanƙara suka koma kudancin Kalifoniya. Sun tashi da ƙamshin lailak a ƙofar gidan iyayensu, suka zo suka dasa, ya ƙi. Har akwai masu zuba ƙanƙara a gindinsa don su rarrashe shi, alhali idanun da ke kan reshe ne ke lissafin sanyi, kuma ƙanƙarar da ke narkewa a ƙasa ba ta kai musu.

Walter Lammerts ya bi wata hanya. Masanin barbarar tsirrai ne, shi ne ya samar da wardin nan mai suna Queen Elizabeth. A shekarun 1940 ya yi aiki a gonar Descanso da ke kusa da Los Anjalas, mallakar Manchester Boddy mai gidan jarida. A can ya yi ta haɗa iri da iri, yana shuka 'ya'yan, yana jiran shekaru kafin su yi fure, yana ware waɗanda suka yi ba tare da dogon sanyi ba. A farkon shekarun 1950 aka fito da sabon irin lailak mai suna Lavender Lady. Masana da dama suna sanya shi cikin rukunin Syringa hyacinthiflora, wato zuriyar da ke fitowa idan aka haɗa lailak na Turai da ɗan'uwansa na arewacin Sin, Syringa oblata, mai saurin fure. Victor Lemoine ne ya fara wannan haɗin a birnin Nansi na Faransa a 1876.

Duk wanda ya tsaya gaban itacen a ƙarshen Maris ya san ba ƙaramin aiki aka yi ba. Tsayinsa kan kai mita 3, wani lokaci ya ɗara, rassa da yawa suna tasowa daga gindi ɗaya. Ganyen mai siffar zuciya ne, sumul, bibbiyu suna fuskantar juna. Furen yana fitowa a kan reshe cunkus kamar zangarniyar dawa, sau da yawa biyu a jere, launinsa shunayya mai haske. Ka ciro ƙwaya ɗaya ka duba: ɗan siririn bututu ne, bakinsa ya buɗe gida huɗu, can cikin maƙogwaronsa ga 'yan zare biyu masu ɗauke da garin barbara. Saurin furen nan ma dabara ce, domin yana gama abin da zai yi kafin zafi ya sauko ya ƙone shi.

Akwai masu cewa ƙamshinsa bai kai na tsofaffin irin Faransa ba. Ko da haka ne, ni ina tare da Lammerts. Ga mai lambu a Los Anjalas, ba zaɓi ne tsakanin ƙamshi mai ƙarfi da mai sauƙi ba, tunda tsohon irin ba zai ba shi komai ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne masu raina aikin baki ɗaya, wai fure ba abinci ba ne. Ilimin ai ɗaya ne. Lissafin sanyin nan shi ke mulkin tuffa da danginta, kuma da irin wannan haƙurin aka samar da tuffar Anna a Isra'ila, wadda ake nomawa yau a ƙasashe masu ɗumi kamar Masar. Ga shi kuma hunturu yana ƙara laushi a wurare da yawa na duniya, lambunan da ba su taɓa damuwa da ƙarancin sanyi ba sun fara damuwa.

Sai dai a yi hattara da masu talla a intanet. An rage wa Lavender Lady buƙatar sanyi ne, ba a cire ta ba. Daren hunturu a Descanso yakan yi sanyi sosai, irin wanda ko a tsakiyar Janairu da wuya Kano ko Damagaram su gani, balle ya daɗe. Wanda ya sayo shi don tsakar gidansa a nan, kuɗinsa kawai zai zubar.

Inda yanayi ya karɓe shi, buƙatunsa kaɗan ne: rana ta aƙalla sa'o'i 6, ƙasa mai tsane ruwa wadda ba ta da tsami, da iska mai ratsa rassan don kada farar cutar ganye ta kama shi. Masu lambu a kudancin Kalifoniya sukan rage masa ruwa a ƙarshen lokacin zafi don ya samu ya kwanta. Aski kuwa ana yi masa ne da zarar fure ya bushe. Wanda ya jinkirta har kaka, idanun furen baɗi zai datse da hannunsa.