Ziyarar ɗalibai: A bar yara su taɓa yumɓu da hannunsu

Duk ƙarshen zango, makarantu da dama kan aika wa iyaye takardar neman kuɗin fita yawon buɗe ido. Sau tari ziyarar takan ƙare a wurin lilo ko babban kanti, a sha askirim, a ɗauki hoto, a dawo gida. Nishaɗi ba laifi ba ne, amma ranar da aka ɗauke yara daga aji ta cancanci fiye da haka.

A manhajar ilimin matakin farko ta Najeriya akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira. A azuzuwa da yawa, alli da allo ne kaɗai kayan koyar da shi. Yaro zai haddace sunayen launuka, ya ci jarrabawa, bai taɓa haɗa shuɗi da rawaya ya ga sun zama kore ba. Wannan giɓin ne cibiyoyin fasaha na yara ke cikewa, inda ake ba yaro yumɓu da fenti da almakashi, a bar shi ya ɓata, ya sake gwadawa.

Tarihin Ladi Kwali hujja ce. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a wajen 'yar'uwar iyayenta a ƙauyen Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da ake kira Suleja a yau, ayyukanta suka kai har Landan. Yanzu hotonta ne a bayan takardar naira 20. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda babu irin wannan cibiya ma, akwai mafita. A Kano akwai marinar Ƙofar Mata, wadda ta haura shekara 500, inda yara za su ga yadda baba da toka ke mayar da farin ƙyalle shuɗi. Ga Gidan Makama, ga dukawa da masaƙa da maƙera a unguwanni. Abin da ake buƙata shi ne makaranta ta shirya da masu sana'ar tun kafin ranar, domin kowane yaro ya koma gida da abin da ya yi da hannunsa.

Sai dai dole a kula da abu biyu. Na farko kuɗi: idan farashi ya yi tsada, 'ya'yan talakawa ake bari a aji, don haka ya kamata ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyinsu. Na biyu tsaro: mota mai lafiya ba tare da cunkoso ba, izinin iyaye a rubuce, isassun malamai masu rakiya, da ƙirga yara a tafiya da dawowa.

Ya rage wa hukumomin ilimi na jihohi su tanadi irin waɗannan cibiyoyi kusa da makarantun gwamnati. Kafin nan, duk uban da aka miƙa wa takardar biyan kuɗi yana da haƙƙin ya tambaya: me yaron zai koyo a can?