Wuƙar Japan ta burge ka, ta maƙerin garinku fa?

Na san ka taɓa cin karo da bidiyon nan a TikTok: 'yar ƙaramar wuƙa ta ratsa tumatir siriri kamar takarda, ka danna alamar so, ka ce ai Japanawa sun gama. To tsaya mu duba abin da ke cikin wuƙar.

A garuruwan Sakai da Seki na Japan, inda aka yi suna da wannan sana'a, maƙeri kan haɗa ƙarfe biyu. Mai tauri shi ne bakin, mai taushi kuma ya tallafe shi don kada ya karye. Ƙarfen bakin har suna gare shi, akwai Shirogami, akwai Aogami. Da gwamnatinsu ta hana yawo da takobi a 1876, maƙeran takubba da dama sai suka koma ƙera kayan amfanin gida. Wuƙar nan tana tsatsa idan aka bar ta da lema, amma ba wanda ya raina ta don haka.

Yanzu leƙa maƙera a nan Jahun. Tsohon sifirin mota ne ake sakawa cikin gawayi, a zuga har ya yi jajir, a daka shi kan uwar maƙera, sannan a ba shi ruwa. Ban ruwan nan shi ne sirrin. In ya wuce kima bakin ya ɓantare, in ya gaza wuƙa ta dakushe da wuri. Tambayi mahauci, ko mai gyaran kifi a kasuwar Hadejia, wace wuƙa ce ke kai shi yamma.

Ban ce tamu ta kamo tasu a sheƙi ko kyan ƙota ba, da sauran aiki. Amma babban bambancin shi ne, maƙerin Japan yana zana sunansa a jikin wuƙa, ya faɗi irin ƙarfen. Namu kuwa aikinsa na zube a ƙasa ba suna, mu zo mu yi ta taya shi kamar kayan tsintuwa. Ta yaya ɗansa zai so ya gaje shi?

Don haka kafin Babbar Sallah, in za a sayi wuƙar layya a gidanku, je maƙera da kanka. Nemi izinin Baba maƙeri ka ɗauki bidiyon aikinsa, ka sa sunansa da garinsu. Ka biya shi ba tare da ja-in-ja ba. In an gama aiki a goge ta, a shafa mata mai.