Wanda Ya Sayar Da Kwikwiyo Ya Ɓoye Ciwon Uwarsa, Ya Ci Haram

Na san wasu za su ce duk matsalolin da suka dabaibaye Sudan, sai maganar kare na ga ta dace in ɗauko. To, ku yi haƙuri ku karanta. A nan Hawata, mai lambu a bakin kogin Rahad da mai garken tumaki a daji sun san kare ba kayan ado ba ne. Shi ke tsaye tsakanin dila da ɗan rago, shi ke farkar da gida idan ɓarawo ya haura.

Shekara uku ke nan na sayi kwikwiyo a wajen wani dattijo da ya yi suna a kiwon karnukan farauta, irin dogayen nan masu siririn ƙugu da Larabawa ke kira saluki. Ya rantse mini cewa jininsu bai taɓa gauraya da na karen bola ba. Na biya kuɗin da zai sayi tunkiya. Karen ya tashi lafiya, ya iya kama zomo, yarana suka shaƙu da shi. Yana da wata goma sha huɗu, wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, ƙafafu na shure-shure, baki na kumfa. Bayan minti biyu ya miƙe yana layi kamar wanda aka tasa daga barci. Ya sake yi bayan mako uku. A karo na huɗu a bakin titi abin ya same shi, wani ya yi ihu "mahaukacin kare!", kafin in iso samari sun gama da shi da sanduna. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa ganin yaron da ciwon haukan kare ya kama ba zai tsaya tambaya ba.

Na koma wajen dattijon. Na ce, "Baba, karen nan farfaɗiya gare shi." Ya ce, "Ɗana, kambun baka ne, mutane sun sa masa ido." Sai daga baya wani maƙwabcinsa ya shaida mini cewa uwar karen ma tana faɗuwa, kuma uban da ya haife shi wanta ne, ciki ɗaya suka fito. Wannan shi ne "tsarkin jinin" da na biya kuɗi a kansa.

Ga yadda abin yake. Kowace dabba tana karɓar ƙwayoyin gado biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yawancin munanan ƙwayoyi suna kwance shiru muddin abokiyar zamansu lafiyayya ce. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da mummunar iri ɗaya, kowane ɗa yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haɗa biyun. Su wa suka fi yiwuwar ɗaukar iri ɗaya? 'Yan gida ɗaya. Farfaɗiyar kare ta fi wannan lissafi sarƙaƙiya, domin sau da yawa ƙwayoyi da dama ne ke taruwa su haifar da ita, amma likitocin dabbobi sun daɗe da tabbatar da cewa tana bin zuri'a. Muguntarta kuma ita ce ba ta fitowa a ranar ciniki. Galibi tsakanin wata 6 da shekara 6 take bayyana, lokacin da mai sayarwa ya daɗe da cinye kuɗinsa.

Turawa sun riga mu faɗawa wannan rami. A 2008 tashar BBC ta nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed, inda aka fallasa yadda neman "tsantsar jini" ya nakasa karnukan Ingila, har da hoton wani kare yana farfaɗiya. Hayaniyar ta kai BBC ta daina nuna gasar karnuka ta Crufts, kuma a 2009 ƙungiyar Kennel Club ta daina yi wa 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa rajista. Su da ke da asibitocin dabbobi a kowace unguwa sun ja da baya. Mu fa, da tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 maganin ɗan Adam ma sai an sha wuya? Wa zai sayi phenobarbital safe da yamma ya riƙa bai wa kare har ƙarshen ransa?

Masu kiwo za su ce ba kowace faɗuwa ce gado ba. Gaskiya ne. Guba, da maganin feshin gona, da cutar nan mai kama kwikwiyo ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, duk suna jawo jijjiga. Amma idan uwa ta faɗi, ɗa ya faɗi, jika ya faɗi, kada a ce mini feshin riɗi ne. Za su kuma ce idan suka kawo namiji daga waje gudun zuri'ar zai ragu. Ina amfanin gudu ga karen da zai zube a tsakiyar farauta? Ku dubi makiyayan da ke ratsa mu da shanunsu: mai hankali a cikinsu yakan nemo bijimi daga wani garke. Manomin dawa ma ba ya ajiye iri daga zangarniyar da ta yi ciwo.

Sannan akwai Allah. Mu da muka tashi da karatun Risala mun san malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan halaccin cinikin kare, ko da na farauta ne ko na gadi. Wanda ya bi masu halattawa ya karɓi kuɗi, to ya shiga hukuncin ciniki gaba ɗayansa, kuma babu malamin da ya yi saɓani a kan haramcin ɓoye aibin haja. Ba a ɗaukar sassaucin a bar sharaɗin.

Abin da nake nema kaɗan ne. Karyar da ta taɓa faɗuwa kada a sake bari ta haihu, haka ma namiji. A daina haɗa 'yan ciki ɗaya. Mai kiwon Hawata ya yi musayar namiji da na Mafaza ko na Mai Wurno. Mai saye kuma ya nemi ganin uwa da uba da idonsa, ya tambayi waɗanda suka sayi haihuwar bara, a yi sharaɗin mayar da kuɗi a gaban shaidu.

Dattijon nan har yau yana sayar da 'ya'yan karyar nan. A makon jiya na ga wani yaro rungume da ɗaya, yana murna zai kai gida. Na bi shi har wajen mahaifinsa na faɗi abin da na sani. Aka ce na ɓata wa tsoho kasuwa. Na karɓi wannan laifi.