Larurar da Ba Ta Samun Sannu

Tun kafin a kafa jami'armu a 2006 garin Aliero ya yi suna a kan albasa da ɗori. Daga Jega da Maiyama, har daga nesa, ake ɗauko wanda ya karye, kuma babu mai ce masa ya daure ya taka ƙafar. Amma akwai wata larura a tsakaninmu wadda mai ita ba ya samun ko sannu. Yau kai ne amininsa, gobe don ka yi jinkirin amsa saƙonsa ka zama maƙiyi. Ga fushi kamar wutar kara, ga nadama, ga tsoron kada a guje shi, wani lokaci har ya ji wa kansa rauni. Mu kuwa sai mu ce masifaffe ne, tsofaffi su ce iska ce.

Ba kowane mai zafin rai ne ke ɗauke da ciwo ba. Amma idan halin ya daɗe yana rusa zumunci da karatu, likitoci na kiransa bodalain, wato na kan iyaka, sunan da Adolph Stern ya yaɗa a Amurka a 1938.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, amigdala, wanda bai fi ƙwallon dabino ba, aikinsa tsinkayar haɗari. A 2003 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna wa masu wannan larura hotunan fuskoki, na'ura tana duban ƙwaƙwalwarsu. Amigdalarsu ta fi ta sauran mutane zabura, har waɗansu suka ga barazana a fuskar da ba ta ɗaure ba, ba ta kuma saki ba. Sashen da ke bayan goshi, wanda ya kamata ya ja linzami, shi kuma an sha samunsa da sanyin aiki. Doki mai zafi ke nan, linzami sako-sako. Abin da ya fi ba mu tausayi wani wasan jifan ƙwallo ne a kwamfuta: ko an raba jifa daidai wa daida, sukan ji an ware su. Ashe wanda ya ce mun wulaƙanta shi ba lalle ƙarya yake yi ba, abin da ya ji ke nan.

Gado yana da hannu a ciki, haka ma azabar ƙuruciya. Hoton ƙwaƙwalwa dai ba ya tantance ciwon, sai likita ya zauna da mutum. Kuma yana jin magani: Marsha Linehan, wadda ta bayyana a 2011 cewa ita ma ta sha wannan wahala, ta tsara hanyar koya wa mutum riƙe zuciyarsa ta tattaunawa da horo, kuma yawancin waɗanda aka bi sawunsu shekara goma sun sami sauƙi.

A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ta maye gurbin ta 1958. Asibitin ƙwararru na tarayya yana Kware, bayan Sakkwato, tafiyar da ɗalibi mai ƙirga kuɗin abinci zai yi jinkirin yi. Don haka muna roƙon hukumar jami'a ta ware rana guda kowane mako da ƙwararre zai saurari ɗalibai a asirce, kuma yayyenmu da ke aiki a sassan lafiya na Jega, Aliero da Maiyama su sa wannan a kasafin baɗi.