HOTO NA WA NE?

A da, ɗaukar hoto sana'ar mutane kaɗan ce. Mai son hoto yakan yi ado ya tafi shago, ya zauna ya kame, sa'an nan ya jira kwanaki kafin a wanke. Yau kuwa, tun da wayar hannu ta zo, kusan kowa yana yawo da na'urar ɗaukar hoto a aljihunsa. Amma sanin dokar abin bai yaɗu kamar yadda na'urar ta yaɗu ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu faɗakar da jama'a, musamman ma'aikatan hukuma da malaman makaranta, don su ne mutane ke zuwa wurinsu neman bayani.

Da farko dai, in an ɗauki hoto, na wa ne? Gardamar nan tsohuwa ce. A Ingila tun 1862 aka yi dokar da ta kare haƙƙin masu hoto. A Amurka kuwa, wani kamfani ya buga dubban kofe na hoton marubucin nan Oscar Wilde ba da iznin Napoleon Sarony wanda ya ɗauka ba. Kamfanin ya kafa hujja cewa hoto aikin inji ne, ba na basira ba. A 1884 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ƙi wannan hujja, ta ce mai hoton shi ya tsara zaman mutumin, da tufafinsa, da haske da inuwa, don haka hoton nasa ne.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023, a kan wannan turba take. Wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi, kuma haƙƙin yana nan har shekara 50 bayan an fara fito da hoton ga jama'a. Watau ke nan mai jarida, ko ɗan siyasa, ko ɗan kasuwa, ba shi da ikon tsintar hoto a intanet ya buga a allon talla don kawai ya same shi a sake. Yin haka ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda aka yi wa haka yana da ikon kai ƙara Babbar Kotun Tarayya. Sai dai ma'aikaci ya lura: hoton da ya ɗauka a bakin aiki bisa umarnin gwamnati, na gwamnati ne, in ba an yi wata yarjejeniya ba.

To, amma mallakar hoto dabam, mallakar fuskar da ke cikinsa dabam. A nan ne masu sana'ar da yawa ke zarce gona da iri. Magidanci ya kira mai hoto bikin 'yarsa, ya biya, bayan mako guda sai ya ga amarya da ƙawayenta a Facebook ana tallar shago da su. Dokar 2022 ta yi tanadi a kan wannan. Wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa yana da damar amfani da shi in ba don ciniki ba, kuma yana da ikon hana a baza shi ga jama'a. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta shar'anta neman yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Malamin da ke ɗaukar ɗalibai yana yaɗawa, lalle ya yi hattara.

Akwai kuma iyakar da hukuma ta sa. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoton wuraren tsaro da nufin cutar da amincin ƙasa. Ba mai hankalin da zai yi jayayya da wannan. Abin da muke ƙi shi ne a miƙar da dokar ta wuce inda ta tsaya, har ɗan sanda ko ma'aikaci ya ƙwace na'urar mai hoto don ya ɗauki gada da ta karye, ko aji da ba rufi. Sashe na 39 na Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin karɓar labari da isar da shi. Hoton gada mai tsagewa taimako ne ga hukuma, gama shi zai sa a gyara tun ba ta ci rai ba. Ma'aikacin da zai hana ɗaukar hoto, sai ya iya faɗin dokar da ya dogara a kanta.

Shawararmu a nan ba ta da wuya. Mai hoto ya nemi izni kafin ya ɗaga na'ura a kan mutum, balle mace ko yaro, ko wanda hatsari ya rutsa da shi. In za a kira shi biki ko suna, a rubuta a takarda abin da kowa zai yi da hotunan, tun ran gini ran zane. Mai son buga hoton wani ya tambaya, ya biya, ya kuma ambaci sunan mai shi. Malamai su koya wa yara wannan tun suna aji, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Allah ya sa mu gane haƙƙin juna, mu kiyaye shi, amin.