Ranar Da Kuɗi Ya Maƙale Ake Sanin Banki

A Mandera da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, in aka zauna hira da yamma aka ɗauko zancen banki, ba a tashi da wuri. Wannan ya ce nasa ya fi, wancan ya ce ai nasa bai taɓa ci masa ko kwabo ba, na uku kuwa ya ce duk kanwar ja ce. Mun saurari irin wannan gardama sau da yawa, mun kuma lura yawancinmu da tsayin gini da yawan talla a rediyo muke auna banki. A ganinmu wannan ma'auni bai isa ba, gama ranar da ka kai ajiya kowane banki dariya yake yi maka. Ranar da kuɗinka ya maƙale, ita ce ranar da za ka san wanda kake hulɗa da shi.

Ga abin da kowa a cikinmu ya taɓa gani. Manomi ya sayar da buhunan wake ranar kasuwa, mai saye ya nuna masa waya ya ce ya tura kuɗi, amma har dare saƙo bai shigo ba. Da asuba ya nemi mota zuwa Sakkwato, inda yawancin manyan rassan bankuna suke. Ya karɓi lamba a ƙofa, ya zauna a rumfa har azahar, sa'an nan aka ce masa sabis ya ɗauke, ya dawo gobe. Ga mutumin birni, gobe kuɗin kabu-kabu ne kawai. Ga mutumin Mandera kuwa, gobe kuɗin mota ne zuwa da dawowa, da yini guda da gona ta rasa shi. In ma an kira shi ciki, sai a miƙo masa takarda da Turanci a ce ya cike, ya fita waje yana roƙon wanda zai rubuta masa, watau ya buɗe wa baƙo asirin aljihunsa.

Wannan nisa tsakanin banki da ƙauye ba yau ya fara ba. Tun 1977 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su buɗe rassa a karkara. A 1989 gwamnatin Babangida ta kafa People's Bank domin talaka, a 1990 kuma aka fito da tsarin bankunan al'umma. Dattawanmu suna tunawa da Janairun 1998, sa'ad da aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. A 2005, zamanin Charles Soludo, aka ɗaga jarin da ake bukata daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, Bankin Arewa na zamanin Sardauna ma ya shige cikin Unity Bank. Bankunan sun ƙara ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma ƙarfin jari dabam, kula da mai ajiyar naira dubu talatin dabam.

Yau iri uku ne a gabanmu, kowanne da amfaninsa da ciwonsa. Na fari, bankuna masu rassa, tsofaffi irin First Bank wanda asalinsa ya faro tun 1894, da waɗanda suka zo daga baya. Amfaninsu shi ne suna da ƙofa da manaja, akwai fuskar da za ka duba ka faɗi damuwarka, ta nan ne kuma albashi da fansho suka fi biyowa. Ciwonsu gaba ɗaya nisa da layi. Na biyu, na cikin waya irin su OPay da PalmPay da Moniepoint. Sauri suke da shi, buɗe asusu kuma ba wuya. Amma ranar da waya ta ɓace, ko kuɗi ya tafi hannun da ba shi aka nufa ba, tsohuwar da ba ta iya karatu ba za ta rasa inda za ta nufa. Na uku, masu POS na bakin kasuwa. Su ne suka kawo banki ƙofar gida, sau da yawa ma 'ya'yanmu ne, sai dai kowane cirewa da ladansa.

Canjin kuɗi ya gwada mana dukansu. A Oktoban 2022 Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwana a layin na'urar cire kuɗi, waɗansu suka sayi kuɗinsu da kuɗinsu a hannun masu POS, sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris aka fara numfasawa. A watannin nan ba wanda ya tambayi shekarun banki ko tsayin gininsa. Abin da aka tambaya shi ne, wane ne in ka tura kuɗi yana isa?

Sai kuma 'yan cire-ciren da ke cin asusu kamar gara. A 2025 kuɗin saƙon waya ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Daga 1 ga Maris na shekarar, wanda ya ciri kuɗi a na'urar bankin da ba nasa ba yana biyan naira 100 kan kowace 20,000. Ga kuma harajin gwamnati na naira 50 kan turawar da ta kai 10,000. Waɗannan suna da ƙa'ida, ba yadda banki ya ga dama ba ne, saboda haka mai ajiya yana da iko ya nemi takardar bayanin asusunsa, ya tambayi dalilin kowane cirewa. Banki nagari zai yi bayani ba tare da ɓata fuska ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne, mun ɗauki haƙƙinmu kamar alfarma. Tun 2020 Babban Banki ya ƙayyade cewa in na'urar bankinka ta zare kuɗi a asusu ba ta ba ka ba, a mayar cikin awa 24, in ta wani banki ce cikin awa 48, rikicin POS kuwa cikin awa 72. Wanda ya kai ƙara a rubuce, ya karɓi lambar shaida, aka yi mako biyu ba a warware ba, yana iya kai maganar sashen kare masu hulɗa na Babban Banki, wanda ke da reshe a Sakkwato. Hukumar NDIC kuma tun 2024 tana tsaya wa ajiya har naira miliyan 5 a babban bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki. Da aka soke lasisin Heritage Bank a Yunin 2024, ta wannan hanya aka biya masu ƙananan ajiya.

To, 'yan'uwa, kafin mu buɗe asusu, mu tambayi maƙwabcin da kuɗinsa ya taɓa maƙalewa a can: kwana nawa aka yi, sau nawa ya je, da wane harshe aka yi masa magana? Ma'ajin ikilisiya da shugabar zumuntar mata, waɗanda ke riƙe da kuɗin jama'a, su raba ajiya wuri biyu, su adana kowace takardar shaida. Kada kuwa kowa ya ba da lambar sirri ko BVN ga mai kira a waya, ko da ya rantse daga banki yake.

Ga bankuna kuma muna da roƙo, ba mai tsada ba ne. Mun san ma'aikacin da ke bayan kanta shi ma a matse yake, ba shi ya ɗauke sabis ba. Amma a sa mai jin Hausa a teburin ƙorafi, a ba tsofaffi da masu ciki kujera da gaba a layi, a kuma turo ma'aikaci ranar kasuwa ya karɓi ƙorafi a nan inda muke. Bankin da ya yi haka ba ya bukatar talla a Mandera, mu da kanmu za mu kai labarinsa har Shagari. Allah ya tsare mana guminmu.