Kafin a Sayar da Sa a Sayo Kwamfuta

Ranar Lahadin da ta gabata, wato ranar kasuwar Ɗambatta, yayana ya kai sansa kara. Sa ne da ya yi wata takwas a turke, ana ciyar da shi da harawa da dusa, da niyyar sai Babbar Sallah ta ƙarato a fitar da shi. Sai ga shi 'yarsa ta fari ta samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, an kuma shaida masa cewa bayan kuɗin rajista da na ɗaki, tana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka. Da yamma ya same ni a ƙofar gida, ya ajiye mini abin da ya rage a cikin leda, ya ce, "Kai ne ka san kan waɗannan abubuwa. Ga shi nan, ka sayo mata mai kyau, don ba ni da wani san bayan wannan."

Wannan magana tasa ta ƙarshe ce ta sa na ware filinmu na wannan mako ga batun. A gidan mai hali, kuskuren sayen kwamfuta ɓacin rai ne na kwana biyu. A gidan manomi kuwa, asarar guminsa ce ta shekara guda, kuma yarinyar za ta ƙare karatunta da abin da aka saya mata, mai kyau ne ko marar kyau.

Babu sauran gardama a kan ko ɗalibi na buƙatar wannan na'ura. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma mun san yaranmu na karkara da ba su taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba sai a ɗakin jarrabawa. Wanda ya shiga Kwalejin Koyon Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan Ɗambatta, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, zai tarar da aikin gida da rahoton bincike suna jiransa. Waya tana isa a karanta takarda, amma ba a rubuta kundin kammala karatu mai shafi 70 da babban yatsa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe guda ɗaya ne: a sayi kwamfuta gwargwadon aikin da za a yi da ita da kuma wutar da ake samu a inda za a yi aikin, kada a saye ta don sunan da aka manna a jikinta.

Na fara da tambayar yarinyar abin da za ta karanta. Ta ce, "Baffa, ilimin tattalin arziki ne." Aikinta ke nan bai wuce rubutu da lissafi a Word da Excel ba, sai karanta littattafai da binciken intanet, daga baya kuma wata manhajar ƙididdiga irin su SPSS. Wannan ba ya buƙatar doki mai sukuwa. Da zanen gine-gine ko injiniyanci za ta karanta, inda ake aiki da manhajoji masu nauyi irin su AutoCAD, da lissafin ya sauya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Tambaya ta biyu ita ce wadda masu tallar kwamfuta a ƙasashen Turai ba sa yi, domin ba su san matsalarmu ba: ina wuta? A unguwarmu akan kwana a yini ba a ga ƙyallinta ba. Saboda haka batir ne abu na farko da ɗan Ɗambatta zai duba, kafin ma ya tambayi sauri. Ana auna ƙarfin batir da abin da ake rubutawa Wh. Batir mai Wh 45, idan rubutu ake yi an kuma rage hasken fuska, yakan kai kimanin awa biyar. Amma batir yana tsufa kamar ɗan'adam, kuma mai sayarwa yakan ce yana yin awa shida alhali shi kansa bai gwada ba. Akwai hanyar sanin gaskiya cikin minti biyu. A buɗe Command Prompt a cikin Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, sai na'urar ta fitar da rahoto. A duba layi biyu: Design capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, wato abin da yake iya ɗauka a yau. Idan na biyun bai kai kashi 70 cikin ɗari na farkon ba, a nemi a sauya batir ko a rage kuɗi.

A nan ne kuma nake jan kunnen samari game da manyan kwamfutocin nan na wasanni, masu walƙiya da fitilu kala-kala. Cajarsu kan ja wat 150 ko fiye, batirinsu kuma ba ya jimawa. Kwamfutar aiki ta yau da kullum wat 45 ko 65 take buƙata, abin da ƙaramar sola ta gida za ta iya ɗauka. Idan aka samu wadda ake yi wa caji ta kafar USB-C, an ƙara samun sauƙi, domin akwai batiran ajiya na hannu da ke iya cika ta idan dare ya yi ba wuta.

Sai batun lambobin nan da ake ruɗa mutane da su. Wani ɗan maƙwabcinmu ya taɓa zuwa wurina yana murna, wai ya samo Core i7 a hannun wani dillali da araha. Da na duba, sai na ga i7-4600U. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ke nuna zubin, wato wannan zubi na huɗu ne, ƙirar shekarar 2013. Ya sayi tsohuwa da ta yi lalle. Core i5 ɗin zubi na takwas, misali i5-8250U, yana da cibiyoyin aiki huɗu, alhali wancan i7 ɗin biyu gare shi. Sunan i7 mukami ne a cikin sa'o'insa kawai, ba ya sa tsoho ya tsere wa yaro.

Zubi na takwas ɗin nan yana da wani muhimmanci kuma. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa a kwamfutocin Intel. Wannan ya sa ofisoshi a Turai da Amurka suka yi ta rabuwa da tsofaffin na'urorinsu, kuma kowa ya san inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa. Akwai masu yin dabara su cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura, don haka ganinta a kan fuska ba hujja ba ce. A duba lambar zubin da ido. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya sayi tsohuwar da saninsa, ya sa mata Linux irin su Ubuntu, wadda kyauta ce, amma kada a sayar masa da ita a farashin ta zamani.

Abubuwa biyu suka rage a ciki. RAM shi ne faɗin teburin da na'ura ke baza aikinta a kai. Kada ya gaza GB 8, kuma ya fi kyau a ce ana iya ƙara shi nan gaba. Rumbun ajiya kuma ya kasance SSD mai aƙalla GB 256, domin ya fi tsohon HDD sauri nesa ba kusa ba. Kuma tunda babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi jure jijjigar mota da babur a hanyar Ɗambatta zuwa Kano.

To, sabuwa ko ta hannu? Wanda Allah ya hore masa, sabuwa mai Core i5 ko Ryzen 5 na kwanan nan, da garantinta na shekara, ita ce kwanciyar hankali. Amma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Da kuɗin talaka, sabuwar da za a samu a kwali galibi mai Celeron ce, RAM ɗinta GB 4 a like, ba ya ƙaruwa. Kyan ɗan maciji ke nan. Da irin wannan kuɗi gara ta hannu daga jinsin da aka ƙera don ma'aikatu, kamar Lenovo ThinkPad T480, ko Dell Latitude 7490, ko HP EliteBook 840 G5. Jikinsu na da ƙwari, kuma masu gyara a Titin Beirut da Farm Centre sun san su, kayan gyaransu ba sa wuyar samu.

Ba ina cewa 'yan kasuwa macuta ba ne. Da yawansu masu amana ne, kuma mai amana ba ya jin haushin a gwada kayansa. Saboda haka a zauna a shagon rabin awa. A danna kowane harafi, a gwada kyamara da lasifika da kowace kafa, a haɗa ta da intanet, a cire caja a ga yadda batir ke sauka. A shiga BIOS a tabbatar tsohon mai ita bai bar kalmar sirri ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin gwaji a rubuce, domin ita ce shaidarka idan wata rana aka ce kayan sata ne. Kada kuma a ƙarar da kuɗi ƙarƙaf. A rage na jaka mai kauri, da na soket mai kare na'ura daga haukan janareta, da ɗan filashi da za a riƙa kwafe aiki a ciki.

Mu dai ranar Talata muka shiga birni ni da yarinyar, na sa ta yi gwajin da hannunta, tunda ita za ta zauna da abin shekara huɗu. Mun ƙi biyu saboda batir, muka ɗauki ta uku: Core i5 zubi na takwas, RAM GB 8, SSD GB 256. A mota na gaya mata kada ta ɗora ta a kan katifa, domin nan take toshe mata mashaƙar iska, ga zafin bazara ga ƙurar hunturu. Na kuma nuna mata inda ake zaɓar madannan Hausa a Windows, don ta riƙa rubuta sunan garinsu da ɗ mai lanƙwasa.

Da muka iso gida, mahaifinta ya juya na'urar a hannunsa, ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya yi dariya ya ce, "Ashe san nawa ya koma wannan 'yar aba." Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Baba, in sha Allahu sai ta haifa maka garke." Allah Ya sa haka, Ya kuma ba duk iyayen da ke cikin irin wannan hidima ikon saye da sani. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.